Rabon Kyanwa

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Tudun Wada.
Na san cikin sa kamar ɗakin uwata:
hanta a nan, saifa a can, tumbi, huhu, ƙoda,
ga madaciya da ake cirewa da lallami
kada ta fashe ta ɓata wa mutum ciniki.
Akwai wani ɗan nama fari-fari, kwance a bayan tumbi,
ba mai tayawa, ba ya hawa tsinke.
Shi nake yankewa in jefa wa kyanwar mayanka.

Ranar Talata a Shika likita ta ɗora biro a kan hoto,
ta ce, Malam Barau, ga shi nan. Fankiriyas.
Na ce, ai mun saba,
sunansa ne kawai ban taɓa tambaya ba.

Da dare ya fara, bayan na ci kitsen tozo.
Kamar an soka tsinken tsire a ƙahon zuci
ya ɓulla ta gadon baya.
Kwanciya ta gagara, sai durƙuso, goshi a kan gwiwa.
Tasalla ta leƙo, ta ɗauka nafila nake,
ta ja ƙofa a hankali.

Likita ta ce ruwan da yake zubawa ya narka abinci
shi ya juyo yana narka mai shi.
Na gane. Wuƙa ce ke cin kubenta.

Tun daga nan tuwo ya zama matafiyi,
ya shiga ya fita bai bar mini ko sallahu ba,
maiƙo yana iyo a inda ba a faɗa.
Sukari ya biyo sawu ba sallama,
allura da safe, allura da magariba.
Zoben azurfata ya zame ya faɗa cikin buta.

Sai wani abin dariya:
kafaɗa ta rame, ƙafa ta yi ƙiba.
Aka ɗebi jini, aka dawo da takarda.
Wai akwai furotin a jini, albumin,
shi ke riƙe ruwa a jijiya kamar makiyayi da garke.
Nawa ya ƙare,
ruwa ya watse ya shiga gonar mutane.

Ta danna ƙaurina da babban yatsa, ta ɗaga.
Ramin ya zauna.
Mu biyu muka tsaya muna kallonsa.
Ni ma haka nake gwada nama da asuba a Zango,
wanda ka danna bai taso ba
ko kyauta ba na ɗauka.
Ban gaya mata ba. Yarinya ce, tana ƙoƙari.

Sun huda cikina sun tatsi roba biyu,
launin romon da bai ji wuta ba.
Sun rataya wata 'yar kwalba, ba ta kai kofin shayi ba,
kuɗinta kuɗin tunkiya.
Ina kwance ina ƙirga ɗigo:
wannan cinya, wannan haƙarƙari, wannan wuya.

Sambo yaron shagona yakan zo bayan isha'i,
ya hau mota biyu, ya sauya a Kwangila,
kuɗi a baƙar leda, suna ƙamshin yaji da ƙuli.
Nakan riƙe ledar a hanci fiye da yadda ya kamata.
An hana ni kitse, an hana ni suya,
ba a hana ni shaƙa ba.

Jiya na ce, Sambo,
gobe in ka farka cikin sa, kada ka yi sauri.
In ka zo kan ɗan farin naman nan ka tsaya,
ka ɗora shi a tafin hannu, ka duba.
Ya ce, sannan in yi yaya da shi, Baba?

Na yi shiru. Na gadon kusa yana tari.
Na ce, ka ba kyanwa mana.
Tana nan kuwa? Mai guntun kunnen?